Makaho, Kuturu da Matacce: Tarihin Wata Tsohuwar Muhawara Daga Soba Zuwa Kano

 Jawabin wannan makon ya taso ne daga tambayar wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke ƙetarawa daga Gallabat zuwa Metema. Ya ce shekara da shekaru yana hulɗa da wani Bahabashe Kirista, ana ba juna kaya bashi, ba su taɓa saɓawa a kan kuɗi ba. Ranar da 'yar Bahabashen ta tashi daga doguwar jinya, sai uban ya ce masa Almasihu ne ya warkar da ita, kuma irin wannan warkarwa ita ce shaidar ko shi wane ne. Mutuminmu ya mayar da magana da zafi, shi ma wancan bai raga ba. Yau wata 3 ke nan ba sa gaisawa, ga kuɗin wake maƙale a tsakaninsu. Yana so ya sani: me Kiristoci suke nufi da wannan magana, kuma tun yaushe aka fara ta?

To, malam, maganar tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba sai ka je Turai nemanta ba. An yi ta a nan bakin koginmu, shekaru aru-aru kafin kakanninmu su biyo hanyar hajji su zauna a Jazira.

Tarin jan bulo a bakin kogi

In ka tashi daga Kamlin ka nufi Khartum, za ka wuce Masid da Jadid da Bagair, sai ka iso Soba. A ƙetaren kogi, ɓangaren gabas, kamar kilomita 20 kafin Khartum, akwai 'yan tuddai cike da ɓaraguzan jan bulo. Nan ne babban birnin daular Alwa, daular Kiristoci da ta mulki wannan ƙasa da muke noma da kiwo a cikinta kusan shekara 900.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 543 Miladiyya, matar Sarkin Rum mai suna Tiyodora ta aiko wani limamin coci, Yuliyan, zuwa ƙasar Nuba ta arewa. Bayansa aka naɗa bishof mai suna Lonjinus. Sarkin Alwa ya ji labari, ya aika yana roƙo a zo masa shi ma. Amma Sarkin Makurra, wanda ke Dongola a tsakani, ya tsare hanyar kogi. Sai Lonjinus ya yi abin da kowane ɗan kasuwar iyaka ya sani: in an rufe babbar hanya, sai a nemi ja-gora a bi daji. Mutanen Beja suka ratsa da shi ta hamadar gabas. Wani marubucin zamanin, Yohanna na Afisa, ya rubuta cewa raƙuma 17 ne zafi ya kashe a tafiyar. A shekarar 580 Lonjinus ya iso, ya yi wa sarki da fadawansa baftisma. Ka lissafa da kanka: lokacin Manzon Allah (SAW) yana yaro ɗan kimanin shekara 10 a Makka.

Da Musulunci ya shigo Masar, rundunar Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarhi ta kewaye Dongola a 652, ba ta ci garin ba. Aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Bakt, wadda a cikin sharuɗɗanta akwai cewa matafiyan kowane ɓangare su shiga ƙasar ɗaya su fita lafiya. Ta yi aiki wajen shekara 600. A ƙarni na 10 wani manzo daga Masar, Ibn Sulaim al-Aswani, ya iso har Soba. Ya ba da labarin manyan gidaje da lambuna da coci-coci masu adon zinariya, ya kuma ce akwai unguwa guda ta Musulmi a cikin birnin. Ka ga ke nan, shekara 1,000 da ta wuce akwai fatake Musulmi da ke ciniki da Kiristoci a bakin wannan kogi, kuma ba shakka irin hirar da ta haɗa mutuminmu da abokinsa ta sha haɗa su.

Abin da Kirista yake cewa

Kafin ka ba mutum amsa, ka fara jin abin da ya faɗa daidai. Littattafai 4 da Kiristoci ke kira Bishara ko Linjila, wato na Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, cike suke da labaran warkarwa. Amma malamansu ba su tsaya ga cewa an ga abin mamaki kawai ba. Hujjarsu tana tafiya ne a kan ƙafafu uku.

Ta farko tana cikin labarin shanyayyen Kafarnahum, a sura ta 2 ta Markus. Mutum 4 suka ɗauko shi a kan shimfiɗa, suka tarar da gida ya cika maƙil, sai suka ɓula rufin soro suka zura shi. A labarin, Almasihu bai fara da ƙafafun mutumin ba, sai ya sanar da shi an gafarta masa zunubansa. Malaman Yahudawa da ke wurin suka ji haushi, don gafarta zunubi na Allah ne shi kaɗai. Sai ya umarci shanyayyen ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa, ya kuwa tashi. Kirista yana cewa: gafara ba a ganinta da ido, tafiyar gurgu kuwa ana gani, to an yi ta fili ce don ta zama shaidar ta ɓoye.

Ta biyu tana komawa ga annabawan Bani Isra'ila. Littafin Ishaya, sura ta 35, ya yi maganar zamanin da Allah da kansa zai zo da ceto, makafi su gani, kurame su ji, guragu su yi tsalle. A Matiyu sura ta 11, Annabi Yahaya yana kurkuku ya aika almajiransa su tambayi Almasihu ko shi ne wanda ake jira. Amsar da aka ba su ita ce su koma su faɗi abin da suka gani game da makafi da guragu da kutare. Kirista yana karanta wannan a matsayin cikar alkawari.

Ta uku ita ce batun iko. Suna cewa annabawan da suka gabata roƙo suke yi sannan Allah ya amsa, shi kuwa umarni yake bayarwa kai tsaye. Almajiransa ma, kamar Bitrus da ya ta da gurgu a ƙofar Haikali, da sunansa suke warkarwa, ba da nasu ba. Shi ya sa Yohanna ya kira waɗannan ayyuka alamu. Kai makiyayi ka fi kowa sanin alama: shaidar da ke kunnen saniya ba ita ce saniyar ba, tana nuna mai ita ne. A wurin Yohanna, buɗe idon wanda aka haifa makaho a sura ta 9, da ta da Li'azaru bayan kwana 4 a kabari a sura ta 11, suna nuna wanda ke da haske da rai a hannunsa.

Wannan fahimta ce Atanasiyus, babban malamin cocin Iskandariyya a ƙarni na 4, ya kafa hujja da ita, kuma daga Iskandariyya ake naɗo bishof-bishof na Nuba. Abin da aka koyar a coci-cocin Soba ke nan, kuma shi ne abokin mutuminmu ya gada a Habasha, don su ma cocinsu daga Iskandariyya ya riƙa karɓar shugabansa har zuwa 1959.

Ƙwai ɗaya da garke juya

Talaka kuwa ba ya zama karatun manyan littattafai. Abin da ya dame shi shi ne ɗansa ba lafiya, matarsa ba ta haihu ba, shanunsa sun ƙi ɗaukar ciki. Ɗaya daga cikin shahararrun rubuce-rubucen da suka rage da tsohon harshen Nuba, wanda ke ajiye a London yanzu, labari ne na waliyyin Kiristoci mai suna Mina. Ga shi a taƙaice. Wata mata mai dukiya ba ta haihuwa, bayinta mata ba sa haihuwa, shanunta juya, kajinta ma ba sa ƙwai. Ba Kirista ba ce, amma ta ji labarin Mina, sai ta yi bakance: in kazarta ta yi ƙwai, na farkon na cocinsa ne. Kaza ta yi ƙwai. Ta kai bakin kogi ta danƙa wa wani mai jirgi amana. Mai jirgi ya manta da shi, daga baya ya sa aka dafa ya cinye. Sai waliyyin ya bayyana a kan farin doki, ya hamɓare shi, ƙwan ya fito kaza mai rai. Ya kai wa matar kazar, daga nan ita da bayinta da shanunta duk suka haihu, ta karɓi baftisma da gidanta duka.

Ka lura da abubuwa biyu. Labarin ya ƙare da sauya addini, wato warkarwa ita ce ƙofar shiga. Sannan akwai kashedi ga mai cin amanar kayan da aka ba shi ya kai, wanda direbobinmu ma sai su ji.

Kabarin Mina yana yamma da Iskandariyya, a wurin da ake kira Abu Mina. Masu ziyara sukan komo da 'yan tuluna na ruwa ko mai, da hotonsa tsaye tsakanin raƙuma biyu, kuma an tono irinsu har a Faransa da Ingila. A cikin Sudan ma an sami irin wannan wuri. A Banganarti, kusa da tsohuwar Dongola, masu tonon tarihi daga ƙasar Folan sun fara aiki a 2001, suka gano cocin Mala'ika Rafa'ilu, wanda ma'anar sunansa da Ibrananci ita ce Allah ya warkar. A bangon cocin akwai rubuce-rubucen masu ziyara kusan 1,000, kowa ya sa sunansa da roƙonsa. Amma ka riƙe wannan: a aƙidar Kirista, Mina da Rafa'ilu bayi ne, ba su da ikon kansu. Almasihu kaɗai suke ba wannan matsayi.

Amsar malaman Musulunci

Abin da zai ba ka mamaki, in ba ka taɓa lura ba, shi ne ba a kan aukuwar abin ake jayayya ba. Alƙur'ani, a Suratu Ali Imrana aya ta 49 da Suratul Ma'ida aya ta 110, ya tabbatar Annabi Isa (AS) ya warkar da wanda aka haifa makaho, da mai albaras, wanda masu tafsirinmu kan fassara da kuturu, ya kuma ta da matattu. Musulmin da ya ƙaryata wannan ya ƙaryata Littafinsa. Sai dai ayoyin biyu suna ta maimaita sharaɗi guda, cewa duk da izinin Allah aka yi. A nan hanya ta rabu. Kirista ya ce alamar tana nuna ko shi wane ne. Musulmi ya ce tana nuna Wanda ya aiko shi, kamar hatimin sarki a takardar ɗan aike.

Malamai irin su Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen 869, da Baƙillani na Bagadaza, wanda ya rasu a 1013, sun yi rubutu a kan wannan. Hujjar da aka fi maimaitawa daga littattafan Kiristocin kansu aka ɗauko ta. Annabi Ilyasu ya ta da ɗan wata gwauruwa. Alyasa'u ya warkar da kuturtar Na'aman, shugaban yaƙin Sham, ya kuma ta da yaro matacce. Sandar Annabi Musa, itace busasshe, ta zama maciji. In warkarwa da rayarwa ke nuna allantaka, in ji su, me ya hana waɗannan? Suka ƙara da cewa a labarin Li'azaru kansa, Almasihu ya ɗaga ido sama ya yi addu'a tukuna. Kiristoci suka amsa da cewa shi mutum ne cikakke kuma Allah cikakke, addu'a da yunwa da gajiya na ɓangaren mutuntakarsa ne. Musulmi suka ce wannan amsa ita kanta ce abin da ake neman a tabbatar.

Akwai kuma wani bayani da malamanmu ke yi a karatun tauhidi, cewa kowane annabi akan ba shi mu'ujiza daga irin abin da mutanensa ke alfahari da shi. Zamanin Musa sihiri ne, zamanin Isa likitanci, zamanin Manzon Allah (SAW) fasahar magana.

Wajen 781 Halifa Mahadi na Bagadaza ya zauna kwana 2 yana muhawara da Timoti na Ɗaya, shugaban cocin Gabas. Sun taɓo Almasihu, sun taɓo mu'ujizoji. Babu wanda ya juya ɗan'uwansa. Timoti ya koma gida lafiya, ya ci gaba da shugabancinsa har 823, har ma shi halifan ya sa ya fassara masa wani littafin Aristo zuwa Larabci. To, in halifa mai takobi ya iya sauraro ya sallami baƙonsa da mutunci, mu masu awon wake fa?

Bayan Soba ta faɗi

Alwa ta yi rauni sannu a hankali. Bishof-bishof suka daina zuwa daga Masar, Larabawa makiyaya suka cika Butana da Jazira. Labarin gargajiya ya ce Abdullahi Jamma'a da Amara Dunƙas ne suka ƙarasa ta, aka kafa daular Funj ta Sinnar a 1504. Wani matafiyi Bayahude, Dawuda Rubeni, ya wuce ta Soba a 1523 ya tarar da kufai. A shekarun nan ne wani limamin coci ɗan Fotugal, Alfaris, ya ga wakilan Nuba a fadar Sarkin Habasha suna roƙon a ba su limamai, aka ce babu. Da Turkawa suka zo gina Khartum, da bulon Soba suka yi wani sashe na aikin.

Coci ya tafi, amma mara lafiya yana nan, kuma bai daina neman bawan Allah da zai roƙa masa ba. Littafin Ɗabaƙat na Wad Daifullah, wanda aka rubuta wajen 1805, ya tara tarihin shehunai kimanin 270 na zamanin Funj. A ciki akwai Shehu Idris Wad al-Arbab na Ailafun, dab da kufan Soba, da Shehu Hasan Wad Hassuna, mai tarin dabbobi da fatauci, wanda littafin ya jingina masa warkar da marasa lafiya har da ta da matattu. Ba wanda ya ce da shi Allah ne saboda haka. Malamai sun riga sun raba abin gida-gida: mu'ujiza ta annabi ce, karama ta waliyyi, istidraji na fasiƙi ne da ake yi wa talala, sihiri na boka. A Umm Dawwan Ban, masid ɗin Shehu al-Ubaid Wad Badr, an daɗe ana kai masu taɓin hankali. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, bai raina shehunai ba, ya nemi a yi aiki tare, su turo masa wanda ciwonsa na asibiti ne.

Can gida ƙasar Hausa

Yanzu mu waiwaya yamma. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wani Malam Ibrahim, wanda Alƙur'ani kawai ya karanta, ya tsaya a kan ayoyin Annabi Isa har ya ɗaukaka shi fiye da yadda malaman gari za su yarda. Aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Dakta Walter Mila, likitan mishan ɗan Ingila da ke Zariya, suka shiga Kiristanci, aka kafa musu gari a Gimi. Sai ga abin da ba a zata ba: ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya kashe da yawa daga cikinsu, likita yana kallo ba shi da maganin da zai tsai da shi. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa a 1929, inda asibitin mishan yake har yau.

'Yan mishan na wancan zamani ba su ce suna mu'ujiza ba. Sun ce suna koyi ne da wanda ya taɓa kuturu da hannunsa. A ƙarshen shekarun 1930 sarakuna suka yarda ƙungiyar SIM ta riƙe sansanonin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A Nijar aka buɗe asibitin Galmi a 1950, sai na kutare a Danja kusa da Maraɗi. Ita dai SIM ɗin ta shigo kudancin Nilu Azraƙ bayan Italiya ta kore ta daga Habasha, ta zauna a Chali cikin Uduk da Doro cikin Maban. A Agustan 1940 jirgin yaƙin Italiya ya jefa bom a Doro, ya kashe likitansu da matarsa.

Gaskiya biyu ce a nan, kuma sai an faɗe su tare. Sun yi jinyar mutanen da danginsu ma suka guje su. Kuma sun yi wa'azi ga mutanen da ciwo ya ɗaure ba su da inda za su, abin da sarakuna da malamai suka yi ta ƙorafi a kai. Kuturta kuwa, da ƙwaya aka karya lagonta. Dafson ya bazu daga ƙarshen shekarun 1940, a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Wata 6 zuwa 12 ake sha. In ka ga farin tabo a fata wanda ba ya jin tsinke, kada ka ɓoye, ka nufi asibiti tun yatsu ba su lalace ba.

Daga baya wani salo ya zo, na manyan taruka da lasifika da allunan talla, ana kiran makafi da guragu su zo su karɓi mu'ujiza. A Oktoban 1991 aka shirya wa Bajamushe Reinhard Bonke irin wannan taro a Kano. Musulmi suka fito zanga-zanga, abu ya rikiɗe faɗa, aka rasa rayuka masu yawa daga ɓangarorin biyu, aka ƙona shaguna da wuraren ibada, taron ma bai yiwu ba. Waɗanda suka mutu talakawa ne, 'yan kasuwa da 'yan dako, waɗanda galibinsu ba su taɓa buɗe Markus ko Baƙillani ba.

Abin da ya shafe ka yau

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitoci da yawa a Jazira da Sinnar sun tsaya ko sun rasa magani. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A irin wannan lokaci masu sayar da mu'ujiza ke yawaita, wani da carbi, wani da gicciye, wani a wayar salula yana cewa a turo kuɗi a Bankak.

A nan addinan biyu bakinsu ɗaya. Matiyu sura ta 24 ta yi kashedi cewa annabawan ƙarya za su zo da manyan alamu. Hadisan Dujal sun faɗi abubuwan al'ajabin da zai nuna, kuma duk da haka maƙaryaci ne. A Markus, da Almasihu ya warkar da kuturu, bai tara jama'a ba, ya hana shi yayatawa, ya tura shi wurin limamin Haikali a duba jikinsa. Alyasa'u ya ƙi karɓar kyautar Na'aman. Cocin Katolika kansa ya kafa ofishin likitoci a Lurd ta Faransa tun 1883 don binciken masu cewa sun warke a can, kuma cikin sama da 7,000 da suka kai rahoto, waɗanda aka amince da su ba su kai 100 ba.

Don haka ka auna mai warkarwa kamar yadda kake auna sa a kasuwa, ka buɗe baki ka duba haƙori, ka sa ya taka ka gani. Yana yanka farashi kafin addu'a? Yana hana ka zuwa asibiti? Wanda ya ce ya warkar, ɗan wane gari ne, wa ya san shi kafin nan, kuma yaya yake bayan wata guda? Kada ka sayar da karsana don cinikin biri a sama. Yaro mai gudawa da amai a ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya da shi wurin ma'aikatan lafiya, addu'a kuma a yi ta a hanya.

Kai kuwa mutuminmu na Gallabat, ga amsarka. Abokinka bai ƙirƙiro magana don ya tsokane ka ba, abin da iyayensa suka gada ne tun kafin a gina Sinnar. Kai ma amsarka ba taka ba ce, malamai sun tsara ta shekara fiye da 1,000, kuma ba ta buƙatar ɗaga murya. Ku biyun kun yarda makaho ya gani, kuturu ya tsarkaka, matacce ya tashi. Kun saɓa a kan ko wane ne ya yi, kuma wannan saɓani babba ne, ba za mu ce maka ƙarami ba ne. Amma mutumin nan 'yarsa ce ta tashi daga jinya. Abin da ya fara cancanta daga bakinka shi ne barka da arziki. Ka ɗauki sukari da bunnu ka je ka yi masa barka, ku daidaita kuɗin waken nan, muhawara kuma in ta zo wata rana a yi ta a zaune.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi sawun jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru daga Burmi a 1903 har zuwa kafa Mai Wurno. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare garke, ya buɗe hanyoyi.